Filo Mai Hannu

Duk baƙon da ya kwana a gidanmu na Rumde sai ya yi maganar filo. Da an shimfiɗa masa katifa sai matata ta tambaye shi wane iri yake so, mai tauri ko mai laushi, na soso ko na auduga, mai tudu ko shimfiɗaɗɗe. Wani abokina ya taɓa tambayata ko masauki muka buɗe a da aka rufe mana. Ban taɓa buɗe masauki ba. Suruka na yi, kuma duk tarin filon nan saboda kai ɗaya aka saye su.

Shekarar da tashin hankali ya koro mutane daga arewacin jihar nan, suka yi ta kwararowa Yola a ƙafa da bayan manyan motoci, kowane gida ya samu rabonsa na baƙi. Namu rabon dangin matata ne, mata da ƙananan yara, har sai da na kwashe littattafaina daga falo aka baza tabarmi. A cikinsu akwai mahaifiyarta, wadda kowa ke kira Dada. Ta iso da ƙafafu a kumbure da ƙunshi guda a ka, wani zane mai ruwan ƙasa da aka ɗaure bakinsa tam. Muka ba ta ɗakin da ya fi kowanne iska, ita kaɗai, da sabuwar katifa.

Sai na bayyana yadda zamana da Dada yake, don wanda bai auri Bafulatana ba zai ɗauka gaba muke yi. Ni Bahaushen Jimeta ne, kakana fatauci ya kawo shi, ya ga Binuwai ya ƙi komawa. A gidanmu in abu ya dame ka faɗa kake yi, in ba a ji ba ka ƙara murya. Dada kuwa tun da na auri 'yarta ba ta taɓa kallon fuskata ba, ni ma ban taɓa kallon tata ba. Ba na cin abinci inda za ta gani, ba na taka ƙofar ɗakin da take. In za mu gaisa nakan durƙusa daga bakin baranda in gai da buta, ita kuma ta amsa wa bango. Abin da ya ƙara dagula al'amarin, matata ce 'yar farinta. A wajensu uwa ba ta kiran sunan 'yar fari, ba ta zaman hira da ita, ko tuntuɓe ta ga ta yi sai ta kau da kai. Saboda haka in Dada tana da saƙo, sai ta jira wata jar kazarmu ta zo wucewa ta ce, "A gaya wa masu gida gishiri ya ƙare." Kazar nan ta kai saƙo a gidana fiye da wayata.

Matata ce ta fara lura Dada ba ta barci. Idanunta sun faɗa, da rana tana zaune a tabarma tana gyangyaɗi, da an buga ƙofa ko taya ta fashe a titi sai ta zabura ta kai hannu kan ƙunshinta. Wuyanta ya riƙe, in za ta waiwaya sai ta juyo da jiki gaba ɗaya. In an tambaye ta, amsar ɗaya ce, lafiya lau. Sai kuma ta fara gaya wa kaza cewa mutum ba ya samun barci sai a ɗakinsa, tana tambayarta ko an ji ranar da motoci ke komawa gida. A lokacin ko direbobi masu taurin kai sun daina bin hanyar. Matata ta same ni a bayan gida tana share hawaye, ta ce ta san halin uwarta, in aka ci gaba a haka wata safiya za a neme ta a rasa. Na ji tsoro ƙwarai, don tsohuwar da ta ratso daji da ƙafa ta zo, za ta iya ratsa shi ta koma.

"A kan me take ɗora kai?" na tambaya.

"A kan ƙunshinta. Filon da muka ba ta yana gefe."

Na ce a kawo mini filon in gani. Tsoho ne tun na aurenmu, ya lotse ya zama kamar gurasa, ga shatin gumin Yola na shekara da shekaru. Kunya ta kama ni, ta kuma juye ta zama fushi nan take, don haka tawa kunyar take yi. Na ce ai ga ciwon nan a fili. Wace surukar ce za ta ɗora kai a kan wannan? Hannunka mai sanda tsohuwa take yi mini, ta gwammace ta yi matashi da kayanta da ta taɓa abin kunyar da muka miƙa mata. Matata ta buɗe baki za ta yi magana, na ce ta bari, wannan aikin mai gida ne.

Washegari na shiga kasuwar Jimeta. A layin 'yan katifa akwai wata mata 'yar ƙabilar Ibo da kowa ke kira Madam. A Demsawo aka haife ta, tana jin Fulatanci fiye da ni nesa ba kusa ba, Hausarta kuwa ta kasuwa ce, kowa namiji ne a bakinta. Na ce filo nake so na tsohuwa, wanda ya fi kowanne a kantin.

"Mama naka ne?" in ji ta.

"Mahaifiyar matata."

"To, yaya yana kwana? Gefe ne, ko baya, ko ciki?"

Na dube ta, na kuma dubi bayana ko wani ya ji. Na rage murya na ce, "Madam, surukata fa na ce miki."

"Na ji. Suruki ba shi da wuya ne? Oga, filo kamar takalmi ne, sai da awo. Mai kwana gefe yana son mai tsayi, ya cika daga kafaɗa zuwa kunne. Mai kwana baya yana son gajere. Kafaɗa nashi babba ne ko ƙarami?"

Na ce ni mayafi kawai na sani, abin da ke ƙarƙashinsa ba hurumina ba ne. Madam ta yi dariya har sai da ta dafa katifa. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, to nawa idon ko kallon bai yi ba balle ya kimanta. Da ta gama dariyar, sai ta jawo wata katifa bakin kanti ta ce in kwanta in zama mama, ta gwada a kaina.

Ban san abin da ya hau kaina ba, na cire takalmi na kwanta. Babban mutum da ni, da farar shadda da hula, ma'aikacin gwamnati, ina kwance a gefena tsakiyar kasuwa, ina ƙoƙarin tunanin yadda tsohuwa ke ji a wuya. Madam tana zare wannan tana cusa wancan, tana tambaya ko kunnena ya yi daidai da kafaɗa. Ina cikin haka na ji an yi sallama a kaina. Na buɗe ido na ga wani da muke ofis ɗaya da shi, riƙe da ledar cefane. Ya dube ni da tausayi na gaske ya ce, "Malam, baƙin naka sun yi yawa har haka? Ai da ka yi magana, akwai wuri a zaurena." Kafin sati ya zagayo har masinjan ofis ya san gida ya gagare ni ina barci a kasuwa.

Na zaɓi na soso, dogo, mai tauri. A lokacin ba ka wuce shingen bincike da babban kaya a cinya ba tare da an tsayar da kai ba. Aka tsayar da keken hayar da na hau, wani jami'i mai jajayen idanu ya ce in sauko da abin da na runguma. Ya matsa shi ta ko'ina, ya kara a kunne, ya jijjiga. Daga nan ya sa shi tsakanin kafaɗarsa da kuncinsa ya lumshe ido, ya ɗan jima a haka har na fara tunanin ko in tashe shi. Ya miƙo mini ya ce ya yi tauri, amma in wuce. Shi ma da ka gan shi ka san rabonsa da barci an kwana biyu.

Aka kai wa Dada filo ta hannun ƙanwar matata. Da yamma saƙo ya zo ta bakin kaza: a gaya wa masu gida an gode, Allah ya yi albarka, irin wannan sai manya. Na yi ta hura hanci. Bayan kwanaki na tambayi matata yaya wuyan, ta ce yana nan yadda yake. Filon kuwa Dada ta ɗora shi a kan akwati, ta rufe shi da farin ƙyalle, ta ajiye carbinta a kai. Ko ƙuda ba ta bari ya sauka a kansa.

Na ce jami'in nan ya yi gaskiya, tauri ne matsalar. Na koma wajen Madam na sayo mai laushi, irin wanda kai ke nitsewa a ciki har kunnuwa su toshe. Shi ma aka gode, aka sa albarka. Kwana ɗaya ya yi a ɗakin, washegari na gan shi a bayan wata 'yar ƙanwar Dada mai tsohon ciki, ta jingina da shi tana tsinke zogale.

Wani ya ce mini mutanen ƙauye audugar rimi suka sani, soso zafi yake yi musu, kuma da gaskiyarsa, zafin Yola ba ya buƙatar taimakon soso. Na bi kwatance har Yolde Kohi wajen wani tsoho mai ɗinkin katifar auduga, ya cusa mini filo mai sanyi, mai ƙamshin rana. A shinge jami'in nan yana hango ni ya ce, "Mai filo, yau kuma wane iri?" Ya gwada, ya ce wannan kam an dace. Dada ta yaba shi fiye da na baya, ta ce ya tuna mata da na uwarta, ta fitar da shi baranda don ya sha iska. Jar kaza ta ga ladan wahalarta ya fito, ta hau ta yi ƙwai a kai. Dada ta ce ba a tashin mai kwanci.

Na huɗu Madam ce ta cusa mini shi, wani mai kwari a tsakiya da tudu a baki, ta ce likitoci ne suka zana shi don wuya. Tsadarsa ta sa na yi watan nan ina tafiya ofis da ƙosai a aljihu. Dada ta juya shi sama, ta juya shi ƙasa, ta gano amfaninsa da kanta. Ta aiko cewa bai da na biyu wajen ɗora kumburarriyar ƙafa.

Ranar na tsaya tsakar gida na zazzage wa buta abin da ke cikina. Na ce ni ban san laifin da na yi ba, mutum ya yi iya yinsa a gode masa da baki a ƙi abinsa da kai, in ba a son gidana a faɗa mini. Bango bai amsa ba. Da yamma matata ta gaya mini a hankali cewa an ga Dada a ƙofar gida da ƙunshinta a hammata, tana tambayar wani mai keke inda tashar motocin arewa take. Fushina ya mutu a take, tsoron ya dawo ya fi na da.

Na ɗauki filon likita na koma kasuwa da niyyar mayarwa. Madam ta ce kayan da ya fita kantinta ba ya dawowa, ko ubanta ne ya saya. Amma da na ba ta labarin inda kowane filo ya ƙare, har da na kaza, sai na ga ranta ya ɓaci. Ta ce tun da ta fara sana'ar nan ba a taɓa cin mutuncin kayanta haka ba.

"Lahadi in na fito coci zan zo gida naka. Zan auna mama da hannu nawa."

"Madam, ki rufa mini asiri. Ba a yin haka."

"Kai ne ba ka yi. Ni ba suruki nashi ba ne."

Ta zo kuwa, da azahar, cikin kwalliyar coci da ɗaurin kai mai tsayi, da tef ɗin tela a rataye a wuya. Ta wuce ni a ƙofa kamar ni ne baƙon, ta sa matata a gaba suka shiga ɗakin Dada. Ni kuma na ɗauki kujera na zauna ƙarƙashin darbejiyar da ke bayan tagar ɗakin, don wajen ya fi iska. Na ji sun yi doguwar gaisuwa da Fulatanci, wadda nan ne iyakar nawa Fulatancin. Sai na ji Madam ta ce da Hausa, da muryar da take kiran 'yan dako, "Dada, kwanta in gani." Na miƙe tsaye don kunya, na yi taku kaɗan, na dawo na zauna.

Na kasa kunne. Sai muryar Madam, tana tambayar mene ne wannan mai tauri. Sai ƙarar ƙarfe ya faɗi a siminti yana juyi. Aka jima ana magana ƙasa-ƙasa. Daga nan na ji abin da ban taɓa ji ba tun da na shiga dangin nan, Dada tana dariya. Dariyar ta yi nisa, ta Madam ta shiga ciki, sai kuma ta koma wani abu daban, na ji ana jan hanci. Na ɗauke kujerata na koma ƙofar gida, wannan karon da gaske.

Daga baya matata ta ba ni labarin abin da ya faru. Dada ta kwanta a gefenta na dama, ta jawo ƙunshin ƙarƙashin kai, ta zura hannu cikin ɗaurin. Madam ta taɓa ƙunshin ta ji tauri, ta kwance shi ba tare da neman izini ba. A ciki akwai zannuwa, da ludayi, da takalmin roba ƙafa ɗaya, da makullin ɗakinta ɗaure a bakin ƙyalle, da murfin tukunya na ƙarfe. Ranar da suka gudu, tuwo ne a kan wuta, ta ɗaga murfin kenan aka fara harbi, ta fita da shi a hannu, ba ta ma san tana riƙe da shi ba sai da suka yi nisa a daji. Tukunyar tana can, murfin yana nan, kuma a kansa wuyanta yake kwana tun zuwanta.

Madam ta dubi murfin ta ce ai Dada ta fi ta hankali. Ita ma tana da jaka a bayan ƙofarta a Demsawo tun da abin ya fara, kuma sai ƙafarta tana taɓa jakar take iya runtsawa. Kwanan baya ta buɗe don ta ga abin da ta zuba ranar da aka yi jita-jitar an shigo gari, ta tarar da dutsen guga da kayan coci, babu ko gorar ruwa. Ta ce uwarta ma haka ta yi ta ajiye jaka a bayan ƙofa tun gudun da suka yi a zamaninsu, har ta rasu ba ta kwance ta ba. A nan ne suka yi dariyar, a nan ne kuma dariyar ta juye.

Madam ta fito tana gyara ɗaurin kanta, idanunta jajur. Ta tsaya a kaina ta ce, "Oga, ko ka saye kanti nawa duka, banza ne. Mama ba zai sa kai a abin da ba zai iya ɗauka ya gudu da shi ba."

Na ce ai ni ma tunanin da nake yi kenan kwanan nan. Matata da ke bayanta ta ce, a hankali, ita ma abin da ta buɗe baki za ta faɗa kenan tun ranar farko, aka ce mata aikin mai gida ne.  Tausayin tsohuwar ya cika mini ciki, babu wurin gardama.

Dabarar ta Madam ce, ɗinkin na telan da ke maƙwabtaka da kantinta. Ta riga ta auna daga kafaɗar Dada zuwa kunne, ta kuma san mai kwanciyar gefe ce. Aka ɗinka riga da atamfa mai kauri, da zif a tsawonta. Aka ninke zannuwan Dada a shimfiɗe a ƙasa, aka ɗora audugar rimi a sama daidai awon, yadda wuya zai miƙe ba tare da kai ya nitse ba. A gefe aka yi aljihu na makulli da ludayi da takalmin nan ƙafa ɗaya, can nesa da inda kunne ke sauka. Sannan aka yanko igiyar wata tsohuwar jakar tafiya, aka ɗinka ta a ƙarshen filon da zare ninki biyu, ta zama hannu, yadda mutum zai fizga ya rataya a kafaɗa. Murfin tukunya ne aka sha daga a kansa. Madam ta ce ba zai shiga ba, Dada ta ce ba za ta rabu da shi ba, daga ƙarshe aka buga ƙusa a bango kusa da katifa aka rataye shi. Da na je biya na gane Madam ba ta bari kukan da suka yi tare ya shiga tsakaninta da ciniki ba.

A shinge jami'in nan ya juya filon, ya ja hannun, ya rataya a kafaɗa ya ɗan taka da shi. Bai yi mini ba'a ba ranar. Ya tambaye ni layin da ake ɗinkawa.

Kwana biyu da kai mata shi na dawo daga ofis da rana tsaka, na tarar da gidana tsit. Gidan da yara suka cika, wanda ko da asuba ba a rasa mai kuka. Matata ta tare ni a ƙofa da yatsa a baki, ta nuna baranda da haɓa. Ban duba ba, don ba a kallon suruka tana barci, amma kunne ba shi da mayafi. Dada tana minshari, mai ƙarfi, irin na wanda ke biyan bashin watanni. Matata ta raɗa mini cewa hannunta na cikin igiyar har wuyan hannu.

Babu hanyar shiga ɗakina sai ta gaban barandar. Na koma waje na zauna a dakali da jakar ofis a cinya, da yunwata, cikin ranar Yola. Na kori mai tallan kankana, na kori mai gyaran takalmi da ke ƙwanƙwasa akwatinsa, na roƙi mai injin niƙa na maƙwabta ya ɗan dakata, ya ce wane babban mutum ne ya sauka, na ce surukata ce take barci. Ya kashe injin bai ƙara tambaya ba. Ta tashi bayan la'asar ta rama sallarta, ni kuma na shiga da ciwon kai, ina jin daɗin da ban taɓa ji ba a kan wani abu da na saya.

Wuyan ya saki a hankali. Ta daina tambayar kaza labarin motoci. Filon dai bai daina yawo ba, in ta fito tabarma yana rataye a kafaɗarta, in ta shiga wanka yana bakin ƙofa. Har gidan suna ta je da shi, mata suka ɗauka sabon yayin jaka ne. Wata rana na shiga kicin neman ashana na ga wani baƙon murfi mai lotsattsen baki a kan tukunyar miyarmu. Na dubi matata, ta ɗaga kafaɗa, ta ce da safe ta tarar da shi a wurin, kuma ya yi daidai.

Da hanya ta buɗe, baƙinmu suka fara komawa kaɗan-kaɗan. Na mayar da littattafaina falo. Ƙanin matata ya je ya dubo gida, ya dawo ya ce an gyara rufin ɗakin Dada, ya kuma yi magana da mai motar da zai ɗauke su. Yanzu babu wanda zai ce mata kada ta tafi, gidanta ne, makullinsa na aljihun filo. Ni da matata ba mu so ta tafi ba, amma ba ni da bakin faɗa, ita ma ba ta da shi. Na yi tunanin in gaya wa buta, na ga abin ya fi ƙarfin buta. Na san dai tsohuwar ta yi barci a gidana, amma barcin matafiyi ne, da hannu a cikin igiya.

Ana gobe tafiyar, da hantsi, ina zaune bakin famfo ina wanke takalmi. Dada tana baranda a tabarmarta, ni na ba ta baya kamar kullum. Jar kazar ta zo wucewa da 'ya'yan da ta ƙyanƙyashe a kan audugata. Sai na ji Dada ta yi gyaran murya.

"A gaya wa mai gida," ta ce wa kazar, "igiyar nan tana gogar mini kunci in na juya. In akwai reza a cire ta."

Ban taɓa jin ta ce mai gida ba, kullum masu gida take cewa. Na tsaya da burushi a hannu. Sai na ji an turo wani abu a siminti har ya taɓa ƙafar kujerata. Na kai hannu baya ba tare da na waiwaya ba na jawo filon. Na shiga na ɗauko reza, na zauna ina warware ɗinkin zare-zare. Telan nan ya ɗinka da gaske, don an gaya masa abin gudu ne. Idona ya cika har ba na ganin zaren sosai, na yanke yatsa ban ji ba. Da igiyar ta fita na tura filon baya yadda aka turo shi.

Na dubi buta na ce, "A gaya wa Dada an cire."

"An gode," in ji ta. Sannan ta ƙara, "A kuma gaya wa yaron nan da ya dubo gida ya sallami mai motar."

Matata tana tsaye a ƙofar kicin da ludayin miya, ta juya ta shige ciki da sauri, don 'yar fari ba ta kuka a gaban uwarta. Ni kuma na ci gaba da wanke takalmin da na riga na wanke.

Dada tana nan tare da mu har yau, ta ƙara tsufa, takan je ƙauye ganin dangi da ƙaramar jaka ta dawo, filon yana kan katifarta yana jiranta. An sake masa auduga, an sake masa riga, amma awon Madam ba a taɓa shi ba. Yanzu nawa wuyan ne ya fara ciwo, na kuma gwada duk tarin da ke saman wadrob na ƙare a kan na likita, bayan an wanke masa ƙafar Dada. Igiyar kuwa matata ta ƙi yarda a yar, da ita take ɗaure bakin buhun masara.